Ranar da Aka Ce Akwai Alade a Shadda

Mu biyar ne a ofishin liman ran nan, na shida yana cikin waya. Akwai Malam Haruna, limamin masallacinmu na Tremont nan Bronx, Bazazzagi mai magana a hankali. Akwai Alhaji Mamman Sani ɗan Maraɗi, wanda shaddar da ake rigima a kanta tasa ce, tana jibge a shagonsa dila-dila ba mai taɓawa. Akwai Hajiya Ladidi 'yar Kumasi, tela, wadda ta kunna wutar. Akwai Injiniya Bashir, Bakano, da ya yi karatun injuna a Jamus kafin aiki ya kawo shi nan. Sai ni Kande, da ake ce wa Hajiya Jamus. Na cikin wayar shi ne Ditma, tsohon da ke kula da ɗakin gyaran yadi a masaƙar da ke yi mana shadda can kudancin Jamus.

Zan zo kan abin da ya tara mu. Amma ku yaran nan da kuke ce mini wai aikina waya ma tana yi, ku fara jin yadda aikin yake tukuna.

Aikina shi ne in karɓi kalmar Turanci in mayar da ita Jamusanci. 'Yan kasuwarmu na Bronx da Harlem, Hausawa da 'yan Gambiya da 'yan Mali, da Turanci suke aika odar yadi da kayan keken ɗinki. Mutanen ofis a can suna jin Turanci, amma ba su ke tsaye a kan inji ba. Na kan inji Jamusancinsa kawai ya sani, shi ma na masaƙa, ba na labarai ba. Tsakanin ofis da inji nan kaya ke lalacewa, nan kuma nake cin abinci.

Ban taɓa zama a aji ba, wannan ma da baki nake faɗa ana rubutawa. Marigayi maigidana ne ya kai ni Jamus ina da ƙuruciya, na samu aikin shara a wata masaƙa, daga baya aka mayar da ni ninkin yadi. Shugabar ɗakinmu wata doguwar mata ce, Firau Helga, ba ta dariya ba ta maimaita magana. Sai ta jefo maka ƙyalle ta faɗi sunansa ta wuce. Gobe ta jefo maka shi ta tsaya tana jira. In ka faɗi daidai ba za ta ce komai ba, in ka kuskure ta karɓe kayanta ta jefa wa na kusa da kai, a gaban kowa. A hannunta na san zaren tsaye Kette suke ce masa, wato sarƙa, na kwance kuma Schuss, wato harbi. Ranar farko da na ji wani yana ihu wai harbi ya tsinke, ƙarƙashin tebur na shige. Wannan ce kaɗai ranar da na ga haƙoran Firau Helga.

Turanci kuwa a bakin titi na tsince shi, bayan na dawo New York wurin yayana, ina kasa huluna da gyale a Harlem, 'yan sanda na kora muna dawowa.

Kayan aikina ba su da yawa. Kunne na farko, sai yatsu. Sai wani ɗan gilashi mai naɗewa da ake ɗorawa a kan yadi a ga zare ɗaya bayan ɗaya, wanda na zo da shi daga masaƙa. Sai ƙunshin ƙyallaye da nake yawo da shi a jaka, kowane na san sunansa da harshe uku. Mutum in ya ce mini yana son kaza, ba na yarda da bakinsa. Sai in kwance ƙunshin in ce taɓa ka nuna mini. Yawancin mutane abin da hannunsu ya zaɓa dabam, abin da bakinsu ya faɗa dabam.

Aikina na farko na Alhaji Mamman Sani ne, lokacin bai da shago, tebur gare shi. A wurin wani suna ya zo yana nuna wa mutane samfurin da aka aiko masa, ransa a ɓace. Ya ce shadda ya nema aka turo masa wannan. Na karɓa na murza: yadi ne mai nauyi da zaren zinariya, irin na labulen otal. Na ce me ka rubuta musu? Ya ce abin da kowa ke cewa, brocade. To mu duk Afirka ta Yamma haka muke kiran shadda da Turanci, wanda ya fassara masa kuma ya sa Brokat, bai yi ƙarya ba. Sai dai Bajamushe in ka ce masa Brokat wannan labulen zai saƙa maka. Shadda a wurinsa Damast ce. Na ce Alhaji buga musu waya ka ba ni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ke Hajiya, Allemand kike ji, harshen Jamus?" Na ce buga dai. Tun daga ranar bai sake aika kalma ɗaya Jamus ba sai ta bi ta bakina.

Wani aikin kuma har jirgin ruwa na hau zuwa Tompkinsville, wurin Isufu ɗan Tawa mai keken surfani. Noti ɗaya ne ya ci a jikin keken, ɗan ƙarami kamar ƙwayar wake, babu irinsa a Amurka, ga ɗinkin biki ya taru masa. Ya aika musu da nut kamar yadda makanikin nan ya gaya masa, suka amsa cewa wannan ba a sayar da shi, sai dai ya sayi kan keken gaba ɗaya. Dalili, Nut a Jamusanci tsagin da ake yi a jikin ƙarfe ne, wa zai sayar maka da tsagi? Na sa ya kwance wurin na gani da idona, na kira su na ce Mutter muke so. Isufu ya ce mene ne Mutter? Na ce uwa. Ya ce, "Haba Hajiya, ni uwata tana Tawa lahiya lau, noti nika biɗa!" Haka suke kiran noti, uwa. A ambulan aka aiko masa da ita.

Amma kalmar da na fi shan wuya a kanta ita ce maiƙo. Kowane Bahaushe ya san shadda mai maiƙo: wannan sheƙin mai nauyi da yake kamar ya jiƙa yadin, ba ya ɗaukar ido kamar madubi, yana kwance ne a ciki. Mutanenmu in za su faɗa da Turanci sai su ce oil, a ƙara oil. Ofis suka ɗauka ƙorafi ake yi cewa man inji ya ɓata kaya, suka ba da haƙuri, suka ƙara wanke yadin, ya iso fayau kamar akoko. Da aka kawo mini maganar na ce musu Glanz, sheƙi. Ya zo yana walƙiya kamar leda. Na gwada wata kalmar, ya zo kamar fentin mota. Alhaji har ya fara cewa ko dai Jamusancin nawa iyakarsa ke nan.

Ina guga wata rana sai na tuna Firau Helga tana yi wa wata mai guga faɗa don ta danna ƙarfe da zafi har yadi ya yi wani irin sheƙi, irin na gwiwar wandon da ya sha jiki. A wurinsu aibi ne, Speckglanz suke ce masa. Na kira Ditma na ce, abin nan da kuke korar ma'aikaci a kansa, shi muke so, a duk jikin yadin, da gangan. Ya yi dariya har ya sarƙe. Samfurin da ya biyo baya, da Alhaji ya buɗe shi sai da ya yi kabbara. Daga nan aka riƙa sa kalmar a takardun masaƙa don na kan inji ya san irin gyaran da za a yi, har aka buga ta a 'yar takardar da ke maƙale a kowane turmi. Na san Speck shi ne kitsen alade da suke soyawa da safe. Ban taɓa kawo shi a raina ba, kamar yadda su ma ba sa kawowa.

Sai shekarar korona ta zo. Ba biki, ba suna, ba Idi, wa zai ɗinka shadda ya zauna da ita a falo? Jiragen ruwa suka tsaya, masaƙar ta rage mutane. Wayata ta yi shiru wata da watanni. Na koma ɗinka takunkumi da guntayen atamfa ina kaiwa shagunan University Heights. Da gari ya buɗe kuma sai na tarar 'yan kasuwa da yawa sun koyi danna waya ta fassara musu, sun daina nemana. Alhaji Mamman Sani da wasu 'yan kaɗan ne suka riƙe ni. Shi kuwa duk abin da ya rage masa ya tattara ya zuba a kaya ɗaya, fara da ruwan toka da shuɗiya, mai maiƙo zalla, don Babbar Sallah.

Kayan sun iso ana saura 'yan makonni. Hajiya Ladidi ta sayi turmi za ta yi wa wani ango ɗinki, ta ga rubutu a takardar, ta haska shi da wayarta, waya ta ce mata bacon shine. Ba ta kira ni ba, ba ta kira Alhaji ba. Ta danna ta yi magana ta tura a zauren matan unguwa na waya cewa jama'a a yi hattara, da man alade ake goge shaddar Jamus, ga shi a rubuce. Kafin la'asar saƙon ya je Staten Island ya dawo. Aka fara mayar wa Alhaji da kaya, har wanda aka riga aka yanka. Wani dattijo ya tare liman yana tambaya ko sai ya rama sallolin da ya yi da rigarsa. Kowa kuma ya san wace ce ke magana da masaƙar. Na shiga shagon nama, mata suka yi tsit. Idan maganar ta zauna, Alhaji ya karye, ni kuma ba Musulmin da zai sake ba ni kalmarsa in kai.

Shi ya sa liman ya tara mu da safe bayan an fito asuba, domin Jamus sun riga mu rana, lokacin Ditma yana bakin aiki.

Alhaji ne ya fara, tun ban zauna ba. "Bon, Hajiya Kande, ke kika jawo muna wanga abu. Kalmomi sun ƙare cikin Jamus sai ta alade?"

Na ce, "Da ka buɗe samfurin kabbara ka yi, Alhaji. Ban ji ka yi a'uziyya ba."

Ladidi ta ce, "Ni dai ban ƙara komai ba kraa. Fon ɗin ne ya faɗi, ni kuma na gaya wa 'yan'uwa Musulmi. Laifi ne?"

Na juya wurin liman. Babbar riga ce a jikinsa. Na ce, "Allah gafarta Malam, wane aiki ne wannan a ƙirjinka?"

Ya duba ya ce, "Aska takwas."

"Guda nawa suka taɓa yanka ka?"

Bashir ya sunkuyar da kai yana dariya. Liman ma ya murmusa, amma ya ce, "Na ji, Hajiya, suna kamance ne. Sai dai aska ba najasa ba ce. Ni ba sunan nake tambaya ba, abin da aka shafa wa yadin nake tambaya. Kin taɓa gani da idonki?"

Na ce a wannan masaƙar ban taɓa ba. Gaskiya ke nan. Shekarun nan duka sheƙi nake nema, ban taɓa tambayar da me ake kawo shi ba.

Ya ce, "To a tambaya. Kuma ke ce mai fassara, ke ce ake tuhuma, shi ya sa na kira Injiniya ya saurara." Aka shirya cewa liman zai yi tambaya, Bashir ya faɗe ta da Turanci don a ɗauka a tura wa masu sayen da ba sa jin Hausa, ni in kai ta Jamusanci in dawo da amsa, Bashir yana kasa kunne.

Ditma ya fito a waya da farin gashinsa, ƙarar injuna a bayansa. Da na gaya masa dalilin kiran sai ya ce, da suna shafa wa yadi Speck, da karnukan garin sun riƙa bin su gida. Na fassara. Ba wanda ya yi dariya. Na ce masa a bar wasa, abincin mutane ne a kan tebur.

Bashir ya ce da Turanci, akwai wani fat a cikin finish ɗin? Ku masu waya ku saurara nan. Finish a masaƙa ba ƙarshe ba ne, gyaran da ake yi wa yadi ne bayan saƙa, Appretur. Fat kuma in na ce Fett kawai, har girisin inji ya shiga ciki, tsohon zai iya cewa e ko a'a ba a san wanne yake nufi ba. Sai na raba masa: akwai Schmalz, na alade? Akwai Talg, na saniya ko tunkiya? Akwai wani abu ko kaɗan da ya fito daga jikin dabba?

Ya ce ba zai iya rantsewa da ka ba, sai ya je ya duba jikin durorin kayan gyaran.

Alhaji ya kafe ni da ido, yana ɗan girgiza kai. Na san abin da yake roƙo. Na ce, "Ya ce bai sani ba, sai ya duba."

Ladidi ta tafa hannu. "Kun ji ko! Shi kansa bai sani ba!"

Liman ya ɗaga mata hannu. Muka bi Ditma a waya yana ratsa masaƙa, muna ganin silin da fitilu, har ya tsaya gaban wasu shuɗɗan durorin roba. Ya sa tabarau ya karanta na farko: sitaci ne na dankali. Na faɗa. Ya karanta na biyu, wata doguwar kalma mai Wachs a ƙarshe. Na ce, "Ƙarshenta kaki ne. Farkonta ban san ta ba." Ban taɓa ƙirƙirar abin da ban sani ba, ba kuma ran nan zan fara ba. Bashir ya sa aka matso da wayar jikin duron ya karanta da kansa, ya ce, "Allah gafarta Malam, kaki ne da ake yi daga man fetur, dangin leda ne. Ba dabba a ciki."

Har Alhaji ya fara hamdala, sai Ditma, da yake Bajamushe ne ba ya barin magana rabi, ya ƙara da cewa akwai dai wani ruwan laushi da suke amfani da shi mai Talg a ciki. Bashir ya dube ni. Na ce, "Ya ce suna da wani ruwa mai kitsen saniya."

"La ilaha illallahu," in ji Alhaji, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, don ba wanda ya san wa ya yanka saniyar.

Liman ya ce a tambaye shi, ana sa wa shadda? Na tambaya. Ditma ya ce ina, wannan na tawul ne, ai shi laushi yake kawowa, in ya taɓa Damast ya kashe shi, ya zama tsumma. Liman ya ce, inji ɗaya suke bi? Na tambaya. Ya ce wani gini ne ma dabam. Sai ya juya wayar ya nuna mana injin da ke yin aikin: manyan ƙarafa masu zafi suna juyawa, farin yadi na shiga tsakaninsu a dushe yana fitowa da maiƙo. Ya ce sheƙin nan zafi ne da danniya, ba wani abu ba.

Liman ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ai bugu ne. Abin da ake yi da taɓarya a kan gungume a gida, shi ne suka ba inji." Ya tambayi Bashir ko akwai inda na rage ko na ƙara. Bashir ya ce, "Ko ɗaya. Har wanda zai cuce ta ta faɗa." Liman ya ce shadda tsarkakakka ce, zai faɗa ran Juma'a a kan mumbari, kuma a cikin farar nan yake so a yanka masa ta Idi.

Alhaji ya mayar da hularsa ya ce, to amma a sake kalmar nan, don Allah, kada gobe wata ta sake haskawa. Na ce a cikin masaƙa ba za a taɓa ta ba, in aka sake ta kayan leda za su dawo. Amma takardar da ke zuwa nan, mu ke karantawa, ba su ba. Na ce wa Ditma daga yau a buga mata sunanta na gaskiya. Ya ce wane suna? Na ce maiƙo. Ya gwada, ya ce maiko. Na ce ƙo, daga maƙogwaro. Ya sake, ya sarƙe yana tari, ya ce shi ya tsufa da wannan. Bashir ya jera masa baƙaƙen, Ditma ya rubuta a jikin duro da alli. Yau duk turmin da ya fito daga can zuwa Bronx, kalmar Hausa ce a jikinsa. Ku je ku haska ta da waya ku ji me za ta ce muku.

Washegari da safe ban jira Juma'a ba. Na tafi shagon Ladidi tun tana ɗaga ƙofa, na ja kujera na zauna a tsakiya. Ta shiga rawar jiki, "Hajiya Jamus, sannu da zuwa paa, bari in zuba shayi." Na ce zuba, amma ɗauko wayar nan. Zauren da kika tura na farko, nan za ki tura na biyu, da muryarki. Ta yi, ta ce wai an samu ɗan rashin fahimta. Na ce goge, ba an samu ba, ke kika samu. Ta sake, ta zo kan kalmar ta ce sipek-gilas. Na ce goge, in za ki ɓata wa kalma suna ki iya faɗinta tukuna. Masu kawo ɗinki suka taru a bakin ƙofa suna kallo. Sai da ta faɗi sitaci, ta faɗi kaki, ta faɗi zafi da danniya, ta faɗi sunan Alhaji da nawa, sannan na ce tura.

Da na ji saƙon ya shigo tawa wayar, na ɗauki shayin na kurɓa. Ya huce. Na miƙa mata na ce ta ɗumamo.